Matashin Katolika da Hidimar Coci a Unguwannin Hausawa na Legas

Gabatarwa

Idan aka ambaci harshen Hausa a birnin Legas, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne Zangon Agege da fataken goro, ko kasuwar Mile 12 da kwandunan tumatir da buhunan albasa, ko kuma 'yan canji da masu tsire. Ba kasafai ake tunawa da cewa akwai wani wurin da ake jin Hausa duk ranar Lahadi ba, inda ake waƙa da ita, ake karatu da ita, ake kuma koyar da yara da ita. Wannan wuri kuwa shi ne coci.

Ni kaina ba Bahaushe ba ne. Iyayena mutanen Kudancin Kaduna ne, harshen Tyap wanda Hausawa ke kira Katafanci shi muke yi a gida, a Ojota kuma na tashi. Hausar da ta kawo ni wannan sashe, rabinta a kasuwa na tsince ta, rabinta a coci. Saboda haka ne na ga ya dace in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani a kan wani mutum da nazarin Hausa bai cika waiwayarsa ba, wato matashin Katolika ɗan shekara 13 zuwa 19 wanda ya ba da kansa ga hidimar coci. Wannan maƙala za ta dubi ko wane ne shi, da irin aikin da yake yi, da Hausar da yake aikin da ita, da abin da ake nufi idan an ce imaninsa ya yi zurfi. Abin da nake son nunawa shi ne, a wajen Katolika ana gane zurfin imanin matashi ta ƙananan ayyukan da yake maimaitawa mako-mako, kuma a unguwanninmu yawancin waɗannan ayyuka da harshe ake yin su.

Su Wane ne Waɗannan Matasa?

Hausawa sun daɗe a ƙasar Ikko. Fataucin goro da na shanu ne ya zaunar da su a Agege, kuma da layin dogo ya isa Kano a shekarar 1911 sai zirga-zirga ta ƙaru ƙwarai. Daga baya wasu mutanen Arewa suka biyo sawu: sojoji da 'yan sanda, masu gadi, direbobi, 'yan acaɓa, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwar gwari. Da yawa daga cikinsu Kiristoci ne daga Kudancin Kaduna da Filato da Nasarawa da Bauci da Gombe da Adamawa da Taraba da kudancin Borno da ƙasar Zuru. Kowa da harshen gidansu, wannan Jju, wancan Berom ko Ngas ko Bachama ko Margi. Idan suka haɗu, Hausa ce take haɗa su. Mutumin Legas kuwa ba ya rarrabewa, duk "Aboki" yake kiran su.

A cikinsu akwai Hausawa na asali, waɗanda akasari kakanninsu Maguzawa ne na ƙasar Katsina da Kano da Zariya. A shekarar 2023 Paparoma Francis ya cire sabon dayosis na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa ya zama bishof ɗinsa na farko. Shi ne Bahaushe na farko da ya hau wannan matsayi a cocin Katolika.

Shigar Hausa cikin ibadar Katolika tana da nata tarihin. Limaman ƙungiyar mishan ta SMA sun kafa tasharsu a Shendam a shekarar 1907, daga nan aikin ya bazu a Arewa. Amma a wancan zamani da Latin ake yin Mas, wato babbar ibadar Katolika, ko a Roma ko a Shendam. Sai a shekarar 1963 babban taron bishof-bishof na duniya da aka yi a Batikan ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a. Ta fuskar karatu kuwa, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin manyan waɗanda suka yi aikinsa, sannan aka sami sabuwar fassara a 1979. Matashin da nake magana a kansa magajin duk wannan tarihi ne, ko da bai san shi ba.

Yadda Aka Tsara Hidimar

Cocin Katolika ba ya barin mutum kara zube. Ƙasa ta kasu dayosis-dayosis, kowanne ƙarƙashin bishof, kowane dayosis kuma ya kasu farish-farish, wato yankin da Fada yake kula da shi. Ojota da Ketu da Agege duk suna ƙarƙashin babban dayosis na Legas, wanda Akbishof Alfred Adewale Martins ya karɓi jagorancinsa a 2012. A cikin kowane farish akwai manyan rukunoni huɗu: na maza, na mata, na matasa da na yara. Rukunin matasa shi ne Ƙungiyar Matasan Katolika ta Nijeriya, wadda aka fi sani da CYON, kuma tana da shugabanni tun daga farish har zuwa ƙasa baki ɗaya. Rukunin yara kuwa reshe ne na wata ƙungiya da wani bishof na Faransa, Charles de Forbin-Janson, ya kafa a 1843, bisa manufar yara su taimaki yara 'yan'uwansu da addu'a da ɗan abin hannunsu.

Ban da waɗannan akwai ƙananan ƙungiyoyin da matashi ke zaɓa da kansa. Akwai masu hidimar bagade, waɗanda ke riƙe gicciye da kyandir da kaskon turare, suna kaɗa ƙararrawa, suna miƙa wa Fada abin da yake bukata lokacin Mas. Akwai mawaƙa, akwai masu karatu a gaban jama'a, akwai masu taya Katikis koyar da yara. Akwai kuma Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya kafa a birnin Dublin na ƙasar Ailan a 1921. Dokar wannan runduna tana da tsauri: taro kowane mako, aikin ziyara mutum biyu-biyu, kuma a taro na gaba kowa ya tashi ya ba da rahoton abin da ya yi. Babba ana son ya ba da aƙalla awa biyu a mako, waɗanda ba su kai shekara 18 ba kuma suna da nasu reshen da aiki daidai ƙarfinsu.

A coci-cocin da 'yan Arewa ke da yawa, a Arewa ko a kudu, za a tarar da Zumuntar Mata Katolika, da anko ɗinsu da tulunan kiɗa da caki. Waɗannan iyaye mata su ne makarantar farko ta Hausar coci. Yaro tun yana goye yake jin waƙoƙinsu, kafin ya san harafi ya riga ya haddace da dama.

Mako Guda a Rayuwar Mai Hidima

Gani ya kori ji, don haka bari in kawo misalin wata ƙanwa tamu a cocin da na tashi. Shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare, mahaifinta mai gadi ne, mahaifiyarta tana sayar da kayan miya. Ran Laraba da yamma tana taron Rundunar Maryamu. Ran Juma'a, idan lokacin azumin kwana 40 ne kafin Ista, tana cikin masu karanta tashoshi 14 na Hanyar Gicciye. Ran Asabar da safe shara da goge kujeru, da rana koyar da yara masu shirin karɓar Tarayya Mai Tsarki karo na farko, da yamma gwajin waƙa. Ran Lahadi ita ce ke karanta darasi da Hausa, ita ce kuma ke juya sanarwa daga Turanci ga iyayen da ba sa ji. A watan Mayu da na Oktoba, waɗanda Katolika suka keɓe wa Maryamu, takan tara yaran layinsu da magariba a tsakar gida su ja rosari, wato carbin Katolika mai kashi biyar, kowane kashi da ƙwaya 10.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da zai sa a buga sunan mutum a jarida. Nauyinsu yana cikin maimaici. Wanda ya san cunkoson motoci a kan titin Ikorodu da yamma, ya san abin da ake nufi da a ce yarinya ta taso daga makaranta, ta taya uwarta kwashe kaya, ta kuma iso taro kan lokaci, mako bayan mako, ba wanda ya tilasta ta, ba wanda ke biyan ta.

Aikin da ya fi burge ni a cikin ayyukanta shi ne ziyarar marasa lafiya. Akwai wata tsohuwa da rikicin Boko Haram ya koro daga kudancin Borno, ta zo wurin ɗanta a Ketu. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Yarabanci, ba ta jin buroka. Fadan da ke kai mata Tarayya Mai Tsarki shi kuma ba ya jin Hausa. Wata rana bayan ya gama addu'a sai tsohuwar ta kama hannun yarinyar ta ce, "'Yata, gaya wa Fada zuciyata ta ji addu'arsa, amma kunnena bai samu rabonsa ba." Yarinyar ta ce, "To Kaka, bari in maimaita miki da Hausa." Tun daga ranar Fada ba ya zuwa gidan sai da ita. Shi ya faɗa, ita ta juya, tsohuwa ta amsa da amin. Dokar coci ta san da irin wannan bukata, domin kundin dokokin 1983 ya yarda mutum ya furta zunubansa ga Fada ta bakin tafinta, ya kuma ɗora wa tafintan wajibcin riƙe asiri. A cocinmu manya ake ba wannan nauyi, amma sauran tafinta na yau da kullum a wuyan matasa yake.

Dalilin haka a fili yake. Matashin da ya tashi a Ojota yakan ji harshe huɗu ko biyar: na gidansu, da Hausa, da Yarabanci, da buroka, da Turancin makaranta. Iyayensa ba su da Turancin, Fada ba shi da Hausar. Shi kaɗai ne ke tsaye a mahaɗar hanyoyin.

Hausar Coci

A nan ne ya kamata mu ɗaliban harshe mu gyara zama. Hausar da wannan matashi yake aiki da ita tana da kalmominta, kuma ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko kalmomi ne da Musulmi da Kirista suka yi tarayya a kansu, waɗanda akasari daga Larabci suka shigo: Allah, addu'a, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, azumi, aljanna, Zabura, Linjila, amin. Masu fassara na farko sun tarar da su a bakin jama'a, suka ɗauka. Shi ya sa Musulmin da ya gifta ta bakin coci zai fahimci fiye da rabin abin da ake faɗa.

Kashi na biyu kalmomin aro ne da suka shigo ta hanyar mishan, aka yi musu kwaskwarima suka dace da bakin Bahaushe: coci, Fada, bishof, Katikis, baftisma, rosari, Ista, Kirsimeti. Kalmar ikilisiya asalinta Girkanci ne, kuma jama'ar masu bi take nufi, ba ginin ba. Kalmar Fada kuwa tana da ban sha'awa ga mai nazarin nahawu. A rubutun yau da kullum daidai take da fada ta sarki, amma jinsi ya raba su: mukan ce "fadar sarki" da ɗafin mace, mu ce "Fadan cocinmu" da ɗafin namiji.

Kashi na uku shi ya fi armashi, wato kalmomin da Bahaushe ya riga ya sani amma coci ya faɗaɗa ko ya karkata ma'anarsu. Sujada a wajen Musulmi ɗora goshi ne a ƙasa cikin salla, a coci kuwa dukan ibadar ce daga farko har ƙarshe. Baiko a al'adar Hausa mataki ne na neman aure, a coci kuwa abin da mutum ya jefa a akwati ne don aikin Allah. Zumunta dangantaka ce ta jini ko ta aminci, a coci ta zama sunan ƙungiya mai shugaba da ma'aji. Alheri kyautatawa ce tsakanin mutane, a coci ya zama baiwar da Allah ke yi wa bawa ba don cancantarsa ba. Tarayya da muke ji a "gwamnatin tarayya", idan aka ƙara mata "Mai Tsarki" ta zama gurasar da Katolika ke karɓa a Mas. Almajiri kuma, wanda kowa ya san shi da allo da ƙoƙo, a Littafi Mai Tsarki shi ne mabiyin Yesu da ke koyo a wurinsa. Idan aka lura, a nan coci ya riƙe ainihin ma'anar kalmar, wato mai neman sani a gaban malami.

Matashin da ke koyar da yara dole ya san waɗannan bambance-bambance, ko da bai taɓa jin sunan ilimin ma'ana ba. Yaro ɗan shekara 8 zai tambaye shi, "Yaya, su Bitrus ma bara suke yi, da ake ce musu almajirai?" Amsar da zai bayar a nan darasin addini ce, darasin harshe ce kuma.

Me Ake Nufi da Zurfin Imani?

Katolika suna da hanyar da suke bi kafin su ayyana mamaci a matsayin waliyyi. Akan fara bincike a dayosis ɗin da ya rasu, a tattara shaidu a kan rayuwarsa, sannan a aika Roma. Abin lura shi ne, masu binciken sun fi zura ido a kan yadda mutum ya yi rayuwarsa ta kullum. Misalai uku na matasa za su fayyace wannan.

Ta farko ita ce Vivian Uchechi Ogu, wadda aka haifa a birnin Benin a 1995. A cocin St. Paul da ke titin filin jirgin sama na Benin ta yi hidimarta, inda ta shugabanci ƙungiyar yara, ta jagoranci mawaƙan yara, ta kuma riƙa tara 'yan'uwanta suna haɗa kuɗi don taimakon marayu da yara marasa lafiya. Ranar 15 ga Nuwamba 2009 'yan fashi suka shiga gidansu, suka tafi da ita, suka nemi yi mata fyaɗe, ta ƙi, suka harbe ta. Shekararta 14. A 2023 babban dayosis na Benin ya buɗe binciken rayuwarta. Laƙabin da coci ke ba wanda aka fara bincikensa, idan aka juya shi zuwa Hausa, shi ne "Bawan Allah" ko "Baiwar Allah". Mu kuwa mun san haka Bahaushe ke kiran duk mutumin kirki da bai san sunansa ba a kan hanya. Abin da Roma ta mayar laƙabi na musamman, Hausa ta daɗe da raba shi ga kowa.

Na biyu daga ƙasar Hausa ya fito. Michael Nnadi ɗan dayosis na Sakkwato ne, maraya, ɗan shekara 18, wanda ya shiga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja. Daren 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar suka sace ɗalibai huɗu. Uku sun dawo da rai, shi kuwa aka kashe shi, kuma shi ne ƙaraminsu. An yi jana'izarsa ranar 11 ga Fabrairu 2020, Bishof Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya yi wa'azi. Bayan 'yan watanni, ɗaya daga cikin waɗanda 'yan sanda suka kama ya shaida wa 'yan jarida cewa yaron bai daina yi musu wa'azi su bar mugun aiki ba har a cikin daji. Masifar garkuwa da mutane ba ta bar Musulmi ba, ba ta bar Kirista ba, wannan kowa ya sani. Abin da ya sa na kawo shi shi ne, yaron da ya iya buɗe baki a irin wannan wuri, ba ranar ya fara koyon magana a kan imaninsa ba.

Na uku daga ƙasar Italiya yake, wato Carlo Acutis, wanda aka haifa a Landan a 1991, ya tashi a Milan, ya rasu da ciwon sankarar jini a 2006 yana ɗan shekara 15. Yakan je Mas kullum, yana taya koyar da yara a cocinsu, yana kai wa masu kwana a titi abinci, ya kuma yi amfani da gwanintarsa ta kwamfuta wajen yaɗa koyarwar addininsa. Paparoma Leo na 14 ya ayyana shi waliyyi ranar 7 ga Satumba 2025. Shi ba a kashe shi ba, bai kuma yi wani abin da ya fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Idan aka jera ukun nan za a ga abin da ya haɗa su. Kafin ranar da duniya ta ji sunansu, akwai ɗaruruwan ranakun da ba wanda ya ƙirga, na gwajin waƙa da koyar da yara da zuwa coci da sassafe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ƙanwarmu ta Ojota ba na fata ta gamu da abin da biyun farko suka gamu da shi, amma hanyar da take takawa ita ce suka taka.

Matsalolin da Ke Gaban Mai Hidima

Matsala ta farko ita ce lokaci da abin hannu. Ga karatun jarrabawar WAEC da JAMB, ga taya iyaye sana'a, ga kuɗin mota. Da gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, har da Kosofe inda Ojota take, iyalai da dama na 'yan Arewa sun rasa abin dogaro, wasu suka ƙaura bayan gari, wasu suka koma gida. Yaron da ya ƙaura ya bar gurbi a bagade da cikin mawaƙa. Wajibi ne kuma manya su lura kada a ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa don kawai ba ya musu, kuma kada a tura shi ziyara ba tare da babba ko abokin tafiya ba.

Ta biyu ita ce zaizayewar harshe. Yaran da aka haifa a Legas, uwa ta yi musu magana da Hausa ko harshen gida, su amsa da buroka. Suna rera waƙar Hausa daidai, amma a tambaye su ma'anarta sai su yi shiru. Idan aka ci gaba a haka, nan da wani lokaci za a rasa mai tsayawa tsakanin Kaka da Fada. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ta uku ita ce ƙa'idar rubutu. Yawancin takardun waƙa da na sanarwa da ake bugawa a shagunan kwamfuta na unguwa ba su da haruffa masu lanƙwasa. Sai a ga "kasa" a inda ake nufin ƙasa, "bata" a inda ake nufin ɓata, "fada" a inda ake nufin faɗa. Mafi muni, "Ɗan Allah", wanda a aƙidar Kirista laƙabin Yesu ne, idan lanƙwasa ta faɗi sai ya koma "dan Allah" irin na mai roƙon alfarma. Wanda ya iya Hausa zai gyara da kansa yana karantawa. Yaron da ke koyo kuwa, abin da ya gani shi zai furta a gaban jama'a.

Ta huɗu ita ce kallon da ake yi masa ta ɓangarori biyu. Wasu 'yan kudu a cikin coci, da sun ji yana Hausa sai su ɗauka sabon tuba ne. Wasu Hausawa a kasuwa, da sun ga rosari a wuyansa sai su yi mamakin inda ya sami Hausa haka. Lokacin tashin hankali kuwa, irin wanda aka yi a Mile 12 a watan Maris 2016 har aka rufe kasuwar, mai neman fitina ba ya tambayar addinin mutum, harshensa yake saurare. Sai dai wannan tsaka-mai-wuya tana da nata amfanin. Matashin da ke gaishe da Alhaji mai albasa da "Baba, ina kwana", ya kai masa abincin Kirsimeti, ya karɓi naman layya daga hannunsa, ya kuma koma coci ya yi wa abokansa Yarabawa da Ibo bayanin ko su wane ne mutanen nan, yana ɗinke wata ɓaraka da taron manya ba ya kaiwa gare ta. Zumunta a ƙafa take.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa matashin Katolika mai hidima a unguwanni irin su Ojota da Agege yana da tsarin da yake aiki a cikinsa, yana da ayyukan da ake auna imaninsa da su, kuma Hausa ce babban kayan aikinsa. Ya rage gare mu ɗaliban harshe, Musulminmu da Kiristanmu, mu san cewa akwai fage a nan da ke jiran manazarta. Mai neman batun kundin digiri zai iya tattara kalmomin Hausar coci ya bi sauyin ma'anarsu. Wani ya kwatanta fassarar 1932 da ta 1979. Wata ta ɗauki waƙoƙin Zumuntar Mata ta dubi salonsu da kiɗansu ta fuskar adabin baka. Wani kuma ya saurari yadda waɗannan matasa ke sauya harshe a cikin jimla ɗaya. Wanda ba shi da niyyar bincike ma, zai iya ba da awa ɗaya a lokacin hutu ya koya wa masu buga takardun waƙa inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ.

Kada mu manta cewa tarihin rubutun boko na Hausa yana da sawun wani matashi a cikinsa. Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, shi ne ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarai da kalmomi, waɗanda suka shiga littattafan farko na nazarin Hausa a Turai. Yaran da ke tsayawa tsakanin harsuna suna nan har yau, a bakin bagade da gefen gadon marasa lafiya. Ya kamata mu je mu saurare su tun Hausar tana bakinsu.